Kyamara Baƙuwa Ce A Cikin Mota

Idan aka ce Dala, hankalin yawancin masu karatu sai ya tafi Kano, wajen dutsen nan na su Barbushe. To, akwai wata Dalar a bakin birnin Maiduguri, cikin Ƙaramar Hukumar Jere, wadda ba ta da dutse ko na jifan kare, sai rairayi da inuwar darbejiya. A nan nake zaune, daga nan kuma nake fita neman labari da kyamara a kafaɗa. Maganar da nake so mu yi yau ƙarama ce a ido, watau yadda mutum zai ba kyamarar bidiyo wuta daga jikin mota alhali motar tana cikin gudu. Wanda ke zaune inda lantarki bai cika yankewa ba yana iya cewa wannan ai zancen makanikai ne, me ya kawo shi jarida? Mu a nan Barno mun san abin da ya kawo shi.

Cikin watan Janairu na 1 ga shekarun duhunmu, watau 2021, mahara suka rushe turakun lantarkin da ke kawo wa Maiduguri wuta ta hanyar Damaturu. Aka yi ta fama har aka gyara cikin watan Maris, jama'a suka yi murna, amma ba a cika mako guda ba aka sake kayar da su. Haka babban birni ɗungum ya zauna wata da watanni ba wuta, sai ƙarar janareta ga mai hali. Sai a watan Maris na 2023 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe tashar lantarki mai aiki da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50. Bugu da ƙari, tun a 2011 aka hana hawan babur a cikin gari. Saboda haka ɗan jarida ba shi da abin dogaro sai mota. Ita ce abin hawansa, ita ce ofishinsa, ita ce kuma janaretarsa. A waɗannan shekaru na ga motar da wayoyin caji suka fi goma a gabanta, kamar saƙar gizo, kowa ya maƙala nasa yana jiran rabo.

Sa kyamara a motar da ke gudu ba sabon abu ba ne a duniya. A 1979 wani gidan talbijin na Ostareliya ya ɗaura kyamara a cikin wata Toyota Celica a tseren Bathurst, mutane suna zaune a gida suka ga hanya yadda direba yake ganinta. A 1985 aka yi irin haka a tseren Formula 1 na Jamus, cikin wata motar Renault. A farkon 1979 kuma 'yan tseren Faris zuwa Dakar suka ratso Agadas da Yamai, masu ɗaukar hoto na biye da su cikin ƙura. Amma fa waɗannan duka da injiniyoyinsu suke tafe, kowace waya an auna ta, an ɗaure ta. Mu kuwa filin tserenmu shi ne gargadar hanyar ƙauye da rairayin bayan gari, injiniyanmu kuma mai wayarin da ke gindin bishiya.

Abin da ya sa na ga ya kamata in rubuta wannan shi ne wani ɗan yayata, saurayi mai son mota kamar ransa. Shi da abokansa sukan fita wani fili a bayan unguwa ran Lahadi, su jera tsofaffin tayoyi, su yi ta zagaye suna auna wanda ya fi sauri. Ni dai ban ga laifin wannan ba muddin a fili ne ba kowa. Wasan motar da nake ƙi shi ne na rakiyar amarya a tsakiyar titi, inda yaro zai murɗa sitiyari a gaban 'yan makaranta don 'yan mata su yi masa guɗa. Wannan ganganci ne da ran bayin Allah, kuma kyamarar wayar hannu ta ƙara masa zuga. To, yaron nan ya tara kuɗi ya sayi 'yar ƙaramar kyamara irin ta GoPro, ya manna ta a gilashi. Da ya ga batirinta ba ya wuce awa guda da 'yan mintoci, sai ya sayo abin caji ya soka a ramin kunna taba. Ran nan ya zo mini fuska a murtuke, ya ce, "Kawu, duba mini wannan abu. In muna tsaye lafiya lau take ɗauka, amma da na shiga kwana ta biyu sai ta mutu. In na dawo gida kuma hoton ya ƙi buɗewa sam."

Na ce masa ya ɗauko motar mu je wurin wani dattijo mai wayarin da ke duba mana motocin aiki. Tsohon nan bai yi boko ba, amma ya fi shekara talatin yana bin wayoyin mota, tun zamanin Peugeot 504. Bai ko taɓa kyamarar ba. Ya buɗe gaban mota, ya kama kan batir da hannu ya jijjiga, sai ga shi yana motsi. Ya dubi yaron ya ce, "Ɗana, kai ka gode wa Allah da kyamarar tana da rai har yanzu." Daga nan ya ɗauko mitarsa ya nuna mana abin da kowane mai ɗaukar hoto ya kamata ya gani da idonsa sau ɗaya.

Kowa yakan ce wutar mota bolt 12 ce. Wannan suna ne kawai. Batirin mota ɗakuna shida gare shi, kowane ɗaki yana ba da bolt 2 da ɗan ɗoriya, saboda haka lafiyayyen batir cikakke, in injin yana kashe, yakan nuna kimanin 12.6. Sa'ad da aka murɗa makulli, kik yakan zuƙi wuta mai yawan gaske, sai ka ga mita ta faɗo wajen 10, wani lokaci ƙasa da haka. Injin na kamawa kuma, altanaita, watau na'urar da ke mayar wa batir da caji, sai ta ɗaga wutar zuwa 14 ko sama kaɗan. Ashe cikin daƙiƙa biyar wutar ta sauka ta hau har sau biyu. Fitila da ƙaho ba ruwansu da wannan, don an gina su a kan haka. Kyamara kuwa 'yar gata ce. Ƙaramar tana son bolt 5 cif, ta hannu irin wadda muke yawo da ita tana aiki da 7 da ɗan wani abu, manyan na kafaɗa na gidajen talbijin ne kaɗai aka yi su don su jure daga wajen 11 zuwa 17.

Mafi muni shi ne abin da sakakken kan batir yake jawowa. Batir a mota kamar randa yake a tsakar gida, duk ruwan da aka kwararo shi yake tarewa. In mota na gudu, altanaita na tura wuta da ƙarfi, sai gargada ta girgiza kan batir ya rabu na ƙiftawar ido, wutar nan ba ta da inda za ta zuba sai cikin wayoyi. A wannan ɗan lokaci tana iya haura bolt 30, a tsofaffin motocin da ba su da abin tare ta kuwa tana iya kusantar 100. Abin cajin da aka saya da araha a bakin titi ba shi da garkuwar da zai tare wannan. In ya mutu shi kaɗai, an yi sa'a. Sau da yawa yakan tafi da abin da aka jona masa. Araha dai ba ta ado, kuma ban ga hikimar wanda zai sayi kyamarar dubu ɗari biyar ya rataya ranta a kan abin cajin da bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba.

Sai kuma shi kansa ramin kunna taba. Waɗanda suka ƙirƙiro shi ba su yi shi don caji ba. An yi shi ne don a danna wani ɗan ƙarfe ya yi ja, ya fito da kansa, direba ya kunna sigarinsa. Watau tun asali rami ne da aka gina don ya tofar da abin da aka sa masa. Abin da ke riƙe da abin caji a ciki 'yan ƙarafa ne biyu masu lanƙwasa a gefe, da wani ɗan tsinke mai sifirin a baki. A kan kwalta mai santsi wannan ya isa. Amma in mota ta shiga kwana da gudu, ko ta hau gargada, sai abin ya riƙa zamewa kaɗan-kaɗan, wuta ta riƙa ɗaukewa tana dawowa. Ƙurar Barno kuma ta shiga ta yi nata aikin. Ciwon kyamarar ɗan yayata ke nan. Ya cire mata batirinta don ya ji an ce tana zafi, ya bar ta da wutar rami kaɗai, ramin kuwa ba ya riƙe alkawari a kwana.

Dalilin da ya sa hoton ya ƙi buɗewa shi ne wurin da na fi so abokan aikina su lura. Manyanmu da suka yi aiki da kaset, irin U-matic da Betacam da Sony ta fitar a 1971 da 1982, suna da wata rahama da mu ba mu da ita. Kaset zare ne, abin da ya hau kansa ya hau. In wuta ta yanke a minti na goma, mintoci goman nan suna nan. Katin memori ba haka yake ba. Kyamara takan yi ta zuba hoto a ciki, amma jadawalin da ke nuna inda kowane yanki yake, sai an danna tsayawa take rubuta shi a ƙarshe. In wuta ta yanke kafin nan, hoton yana ciki amma kwamfuta ba ta san hanyar bi ta same shi ba, kamar littafin da iska ta watsa takardunsa ba lamba. Wasu kyamarorin sukan iya gyara shi in an sake kunna su da katin a ciki, wasu ba sa iyawa. Shi ya sa kyamarorin da ake yi musamman don gilashin mota suke yanka hoto gutsure-gutsure, minti ɗaya ko uku, suna rufe kowanne, har da ɗan abin ajiyar wuta a cikinsu da zai ba su sukunin rufe na ƙarshe.

Ga yaro mai zagaya tayoyi, asarar ba ta wuce ta abin nuna wa abokai ba. A wurinmu abin ya fi haka. Na taɓa tafiya da wani abokin aiki cikin motar haya zuwa wani ƙauye da mutanensa suka fara komawa bayan shekaru suna gudun hijira. Wata tsohuwa ta yarda ta shiga motar ta nuna mana hanyar da suka bi da ƙafa daren da suka gudu. Muna tafe a hankali tana nuni da hannu, ga inda suka ɓuya, ga inda aka binne wane, ga bishiyar da ta rabu da jikanta. Fiye da minti ashirin tana magana, abokina yana ɗauka, kyamararsa tana jone da motar domin batiransa sun ƙare tun a garin da muka kwana, inda babu wuta. Motar ta faɗa wani rami, fitilar kyamara ta ɗauke. Da muka dawo Maiduguri aka yi duk dabarar da aka sani, abu ya faskara. Ba wanda zai iya komawa ya ce wa tsohuwar nan, "Iya, a sake daga farko." Irin wannan magana sau ɗaya ake faɗinta.

To mene ne magani? Abin da dattijon nan ya yi wa motar yaron bai ɗauki awa guda ba. Ya kankare kan batir ya ɗaure shi tamau, ya ɗaure shi kansa batirin a mazauninsa don kada ya riƙa tsalle. Sa'an nan ya jawo waya sabuwa daga akwatin fiyus, daga layin da ba ya kawo wuta sai an murɗa makulli, ya sa mata ƙaramin fiyus nata tun daga tushe. Yaron ya ce, "Baba, fiyus ɗin na kare kyamara ne?" Tsoho ya ce a'a, na kare motar ne. Wayar da ba fiyus, in ta goge a jikin ƙarfe, sai ta yi ja kamar garwashi, kuma ya ga motocin da suka ƙone ƙurmus a kan haka. Ya ce duk mai wayarin da ya naɗa maka zaren waya a madadin fiyus, ka karɓi makullinka ka yi gaba. Daga ƙarshe ya haɗa wayar da na'urar rage wuta mai kyau, irin wadda ke karɓar daga 12 har 24, ya ɗaure kowace mahaɗa yadda ko an ja ba za ta fita ba. Wannan batu na 24 yana da amfani ga masu bin manyan motoci, domin tirela da yawancin manyan motocin kaya wutarsu 24 ce, wanda ya soka musu kayan ƙaramar mota ya yi sallama da shi.

Duk da haka, ni a nawa ra'ayin, kada kyamara ta sha wuta kai tsaye daga mota in akwai yadda za a yi. A sa wani batir a tsakaninsu, ko nata na ciki, ko irin na ajiyar caji da ake sa wa wayar hannu, ta yadda mota za ta riƙa cika batirin, shi kuma yana shayar da kyamara. In wutar mota ta yi tuntuɓe, kyamara ba ta ma sani ba. Sai dai a gwada shi a gida tukuna, domin da yawa daga cikin batiran ajiyar nan sukan ɗauke wuta na ɗan lokaci duk sa'ad da aka jona su ko aka zare, wannan kuwa ya isa ya kashe ɗauka. Ga mai zagayen fili na minti ashirin ma, ban ga abin da zai haɗa shi da wutar mota ba sam. Ya cika batirin ajiyarsa a hanya, in ya iso ya raba shi da motar, ya ɗaure shi da kyau. Ita ma kyamarar a sa mata igiya ta biyu, don abin da ya ɓalle daga gilashi a cikin gudu jifa ne.

Zafi shi ne abin da masu rubuta littattafan kyamara a ƙasashen sanyi ba su san shi kamar mu ba. Cikin Afrilu da Mayu zafin Maiduguri yakan wuce digiri 40 a inuwa, bayan gilashin motar da ke rana kuwa ya fi haka nesa. Batirin litiyom ba a so a yi masa caji in zafinsa ya haura 45, yakan kumbura, wani lokaci ya kama wuta. Kyamarar da ke ɗauka tana kuma cajin batirin cikinta a lokaci guda, zafi biyu ke nan ta haɗa, ga na rana na uku, sai ta kashe kanta. Saboda haka yaron bai yi kuskuren fahimta ba da ya cire batirin, abin da ya rage masa shi ne madadinsa. A bazara nakan cire na ciki, in ajiye na waje a ƙasa inda rana ba ta kaiwa, in jawo waya gajera mai kauri in manne ta da salatif. Da sanyin hunturu sai in mayar da na cikin.

Inbata kuwa, wadda ke mayar da wutar mota irin ta gida, ba na sonta sai dole. Za ta ɗaga 12 zuwa 230, abin cajin kyamara kuma ya sake sauko da ita 8, a kowane hawa da sauka ana zubar da wani abu. Masu arahar sukan sa wani kuka a cikin sauti, wanda ke tashi yana sauka tare da totur, mai tace sauti ya yi ta tsine maka a ofis.

Akwai kuma lissafin da ya fi duk waɗannan nauyi. Ƙaramar kyamara ba ta cin abin a zo a gani, wat 5 ko makamancin haka, ko ta wuni ba za ta girgiza lafiyayyen batir ba. Amma ɗan jarida ba ya tsayawa a kyamara. Ga kwamfuta, ga fitilar ɗauka, ga batiran jirgin ɗaukar hoto, ga wayoyin mutum huɗu, har da ta mai unguwar da ya roƙi alfarma. In aka tara wat 100 a kan inbata injin yana kashe, cikin awa uku an zuƙe kusan rabin batirin ƙaramar mota, in sabo ne ke nan. Batirin da ya sha bazara biyu a Barno ba sabo ba ne. Shi kuma batirin mota an yi shi ne don ya ba da ƙarfi mai yawa na 'yan daƙiƙoƙi a mayar masa nan take, tatsa a hankali har ƙasa tana rage masa kwana. A da sai a bar injin yana aiki, amma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, motar da ke tsaye tana shan kusan lita guda a awa ta zama abin da direba yake ƙirgawa. Sai a kashe injin, a ci gaba da caji, kowa ya manta.

A wani wurin, motar da ta ƙi tashi abin dariya ce, a tara yara su tura. A hanyoyinmu akwai lokacin da ake rufe hanya, akwai kuma ayarin da in ya tashi ba ya jiran kowa. Mutanen Barno ba su manta da daren 9 ga Fabrairu na 2020 ba, sa'ad da matafiyan da suka iske an rufe ƙofar shiga Maiduguri suka kwana a Auno, kimanin kilomita 25 daga gari, mahara suka auka musu, aka kashe mutum aƙalla 30, aka ƙone motoci. Allah Ya jiƙansu da rahama. Duk direban da ke fita da mu bayan gari yana ɗauke da wannan dare a zuciyarsa, shi ya sa in ya ce a zare waya ba na yi masa gardama, ko da kuwa hira ta yi daɗi.

Direban da na fi fita da shi Babarbare ne mai ƙarancin magana. Ya sayi wata 'yar mita mai jan rubutu ya kafa kusa da sitiyari. In mun tsaya aiki ya kashe injin, idonsa na kanta. Muddin tana sama da 12.4 ba ya cewa uffan. Da ta taɓa 12.2, watau batir ya doshi rabi, sai ya miƙa hannu ya zare komai, ya ce, "Malam, sauran na komawa gida ne." Kuma ba ya ajiye mota sai ta fuskanci hanyar Maiduguri, in da ɗan gangare ma a kansa yake tsayawa. Bara na ba shi shawara mu sa batir na biyu a bayan mota, da na'urar da ke raba shi da na injin in an kashe, don kayan aiki su riƙa sha daga can. Ya yarda, mai wayarin ya haɗa, abin yana aiki yadda ake so. Amma har yanzu bai cire mitar ba, kuma da la'asar ta yi yakan tashi injin sau ɗaya ya saurara, sa'an nan ya bar ni in ƙarasa tambayoyina.